Lambun Unguwa: Ba Ranar Buɗewa Ake Gane Nagari Ba

Jama'a, duk mai son sanin ko ana kula da lambun shaƙatawa na unguwa, kada ya kalli ƙofa ko fenti, ya je ya leƙa ƙarƙashin lilo.

Tun asali don talaka aka ƙirƙiro irin wannan wuri. Lambun Birkenhead da ke kusa da Liverpool a Ingila, wanda Joseph Paxton ya zana aka buɗe a 1847, da kuɗin hukuma aka yi shi don kowa ya shiga kyauta, aka sayar da filayen gefensa don mayar da abin da aka kashe. Ba'amurke Frederick Law Olmsted ya ziyarce shi a 1850, bayan shekara 8 shi da Calvert Vaux suka ci gasar zana lambun Central Park na New York. Wato irin wannan lambu haƙƙin jama'a ne, kuma haƙƙin bai ƙare ranar biki ba.

Mu koma ga lilo. Yawancin raunin da yara ke ji a filin wasa daga faɗuwa ne, shi ya sa ba a kafa kayan wasa a kan siminti ko busasshiyar ƙasa. Ana zuba yashi ko ɓarɓashin katako mai zurfin santimita 30, domin in ya kwanta ya koma kamar santimita 23. Shimfiɗar ta kai mita 1.8 kewaye da kowane abin hawa. Ta lilo kuwa, gaba da baya, ta ninka tsayin sandar da aka rataye shi sau biyu. Matsalar ita ce ƙafafun yara kan share yashin daidai inda za su faɗo, sai rami ya bayyana, ruwa ya taru, ƙasa ta taurare. Maganinsa manjagara ce kawai, a riƙa jawo yashin ana cike ramin kowane mako. Abin takaici, wannan ɗan aikin ne ake fara mantawa da shi.

A duba ƙugiyar sarƙar lilon ma: in bakinta ya buɗe ya wuce milimita 1, a matse shi ko a sauya. Duk wata kafa tsakanin ƙarafa mai faɗin santimita 9 zuwa 23 tarko ce, jikin yaro zai wuce, kai ya maƙale.

Bishiyoyi kuma sau da yawa wurin dasawa ake kashe su. Ramin ya ninka faɗin dunƙulen saiwa sau biyu ko uku, amma kada ya fi shi zurfi, don in aka binne gindin sai ya ruɓe a hankali.

Benci a sa shi a inuwa, yana fuskantar wurin wasa, yadda uwa za ta zauna idonta na kan ɗanta. Fitila kuwa, in ta mutu a gyara cikin makon, domin daga ranar da lungu ya yi duhu mata da tsofaffi suke daina bi ta nan.