Masu tafiya Gana neman kuɗi, ku daina kama shago da saukarku

Dan Allah 'yan uwa masu haɗa jari suna nufar Gana ku saurara, abin nan yana damuna wallahi. Yaro zai sayar da gona ko ya karɓi gadonsa ya hau mota, yana sauka unguwar Nima a Accra ko Zangon Kumasi ko sati bai yi ba ya fara cigiyar shago, shi a ganinsa tunda ya shigo da fasfon ECOWAS shikenan komai ya halatta. Alhali kwana 90 ɗin da ake ba ka na shiga da zama ne kawai, ba lasisin kasuwanci ba ne.

Mutanen nan sun yi dokar GIPC, wato hukumar kula da zuba jari ta Gana, a 2013, kuma ƙarara ta ware wasu sana'o'i ta ce na 'yan ƙasa ne: talla, kasa kaya a kasuwa ko rumfa, shagon aski da gyaran gashi, har tasi in motocinka ba su kai 25 ba. Baƙon da ke son saye da sayarwa kuwa ta ce ya zo da jarin dala miliyan 1 ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. To mai jarin buhu goma na albasa ina zai samo wannan? Ni ma dokar ba ta min daɗi ba, ina ganin ta yi wa maƙwabta tsauri, amma da ita aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Suame ta Kumasi da Circle ta Accra a 2019 da 2020, mutane suna tsaye a waje kayansu na ciki.

Ga kuma haya. Doka ta ce kada kuɗin da za a biya gaba ya wuce na wata shida, amma a Accra mai gida zai ce ka kawo na shekara biyu gaba ɗaya, ka biya, ka yi fenti, ka sa kanta, sai ka duba aljihu ka ga ba kuɗin sarin kaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da hanyarmu tun kaka da kakanni mun watsar. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa sauka Salaga su kama rumfa ba, wurin mai masauki suke sauka, shi zai ajiye maka kaya, shi zai nemo mai saye, shi zai tsaya maka in za a ba ka bashi, ya ɗauki la'adarsa kowa ya amfana. Kuma har gobe tsarin yana nan, ka je wurin 'yan albasa a Adjen Kotoku a bayan garin Accra inda aka mayar da su daga kasuwar Agbogbloshie a 2021, ko wurin mahauta da masu tsire, za ka tarar kowa yana da ubangida. Ka je ka gaida sarkin zango, ka zauna ƙarƙashin wani ko wata shida ne kana yaron shago, ba faɗuwa ba ce wallahi. A nan za ka san wa ke biyan bashi wa ke cinyewa, ka saba da lissafin sidi, kuɗin Gana, da karɓar kuɗi ta waya da suke kira MoMo, ka tsinci yaren Twi, don Hausa a cikin zango take ci, mai sayen kayanka kuma yawanci daga waje zai zo.

Masu buɗe shago da sunan wani ɗan ƙasa kuma, dokar ta hana, kuma ran da kuka ɓata ba ka da bakin magana, a takarda shagon nasa ne.

Takardun zama ma kada a yi wasa da su. Dattawan zango ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fice, mutane suka bar gidaje da dukiya. 'Yan uwanmu na Nijar ku kun fi kowa buƙatar kula da wannan yanzu, tunda ƙasar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, ku nemi izinin zama tun kafin ku saka ko sisi a kaya.