Ba duk abin da ya tara jama'a ne ya ja hankali ba

Ranar Asabar ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu ina latsa waya, sai na lura kusan duk kanun labaran da ke wucewa da jimla ɗaya suke ƙarewa. Bidiyon amarya tana rawa ya ja hankalin jama'a. Hoton ɗan siyasa yana cin tsire a bakin titi ya ja hankali. Wani matashi ya yi wanka da ruwan kwata, shi ma wai ya ja hankali. Na karanta wa mai shayin na ƙarshen, yana sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, ya ce: "Malam, hankalin wa? Shi kansa ai ba shi da shi."

Dariya aka yi, amma mutumin ya fi masu rubuta kanun sanin Hausa.

Masana harshe sun ce daga Larabci muka aro kalmar hankali, daga aƙal, wato abin da mutum ke tunani da shi ya bambance fari da baƙi. Shi ya sa muke cewa yaro ya yi hankali, tsoho hankalinsa ya gushe, gari yana cikin kwanciyar hankali ko tashin hankali. Idan dattijo ya kira ka gefe ya ce, "Ɗana, zo in ja hankalinka," ka san ba wasa zai nuna maka ba. Nasiha ce, ƙanwar jan kunne, sai dai ta fi laushi. Haka liman yake jan hankalin iyaye a huɗuba kan tarbiyya. Ana jan hankali ne zuwa ga wani abu da ake so a tsaya a auna.

Kuma Hausa ba ta bar mu a duhu ba. Kalma ɗaya kawai ta isa ta juya magana: jawo hankali shi ne kawo shi nan inda matsala take, ɗauke hankali kuwa kawar da shi ne daga inda ya kamata ya tsaya. Abin da ke ƙyalƙyali ya sa a waiwaya, irin sabuwar shadda a rana, shi ne mai ɗaukar ido. Wanda kuma ya yi abu don kawai a ambace shi, sunan aikinsa neman suna.

Duba sankira. Idan ya fito yekuwa, sai ya ɗaga murya ya ce "Sarki ya gaishe ku", gari ya yi tsit, sannan ya faɗi saƙo: gobe za a yi gayya, ko an ga wata. Ba kansa yake tallatawa ba. Yanzu kwatanta shi da gardi ranar kasuwa. Ya sauke kwandon maciji, ana kaɗa masa ganga, mutane sun yi da'ira har yara na leƙe ta tsakanin ƙafafun manya. Sai taro ya cika maƙil zai kwance jakar layu da ƙulle-ƙullen magani. A bayan da'irar kuma ɗan sane na nasa aikin. Duk su biyun sun tara jama'a, amma ban taɓa jin wanda ya kira su da suna ɗaya ba. Yawancin abin da ake yi a TikTok da Facebook wasan gardi ne, kuɗin talla ne a madadin layu.

In ana neman inda kalmar ta zauna daram, a tuna Chibok. A daren 14 ga Afrilun 2014 Boko Haram ta kwashe ɗalibai mata 276 daga makarantarsu, aka shafe kwanaki gwamnati na jan ƙafa. Su Oby Ezekwesili da Hadiza Bala Usman suka riƙa zaman dirshan a Abuja cikin jajayen kaya, har matar shugaban Amurka na lokacin, Michelle Obama, ta ɗaga kwali tana neman a dawo da yaran. Wannan shi ne jawo hankalin duniya. Ina jin nauyin a ɗauki jimlar da ta ɗauki wannan kaya a ɗora wa mai wanka a kwata.

Za a ce harshe ai tafiya yake yi, ba ya jiran malaman nahawu. Haka ne, ni ma ba na cikin masu gadin ƙamus. Amma matasa da kansu sun riga sun samo kalmar da ta dace: wane yana tashe. Duk sanda na ji ta sai in tuna tashen azumi, 'yan darare ana shiga gida-gida da gemun auduga, a yi dariya, a ba da hatsi ko 'yan kuɗi, kafin Sallah an watse. Editocinmu su rubuta cewa bidiyon amarya yana tashe, ko ya ɗauki ido. Ranar da ambaliya ta ci wani ƙauye, za su buƙaci ɗaya jimlar da sauran ƙarfinta.