A ɗebi jinin iyayen waɗanda suka ɓata tun suna da rai

Zamana a Peru ya sa ina bibiyar yadda mutanen tsaunukan Andis ke neman gawarwakin 'yan'uwansu, kuma duk lokacin da batun ya taso sai Borno ta faɗo mini a rai. Yaƙin gwamnati da 'yan tawayen Sendero Luminoso, daga 1980 zuwa 2000, ya ci rayuka kusan 69,000 bisa ƙiyasin hukumar binciken gaskiya a 2003. Uku cikin huɗu na mamatan da harshen Kechuwa ko wani harshen gida suka tashi. Har gobe sama da mutum 20,000 ba a san inda suke ba.

A ƙauyen Putis da ke yankin Ayakucho, cikin Disambar 1984, sojoji suka sa maza haƙa rami wai za a yi kiwon kifi, sannan suka harbe mutanen a ciki, har da mata da ƙananan yara. Sai 2008 aka tone ramin. An tsamo ƙasusuwan mutum 92, amma lokacin da aka yi jana'izarsu a 2009, 28 kaɗai gwajin DNA, wato gwada ƙwayoyin halittar ƙashin da na dangi masu rai, ya tabbatar da sunayensu.

Me ya hana sauran? Wasu gidajen an gama da su kakaf, babu wanda ya rage da za a gwada da shi. Akwai kuma dalilin da ya fi shafar mu. Gwajin nan lissafi ne: ana duba alamomin da ƙashi da mai nema suka yi tarayya a kai, sai a tambaya, mutum nawa ne a wannan al'umma ke ɗauke da irinsu? A ƙauyen da aka shekara ɗaruruwa ana aure a tsakanin juna, alamar da ba kasafai ake samunta a Turai ba tana iya zama ruwan dare. Wata alamar DNA da ake kira zuriyar B2, wadda ake gada ta wajen uwa, ta yi yawa ƙwarai a tsaunukan nan, kuma 'ya'yan mace ɗaya duk iri guda suke ɗauka. Idan aka yi lissafi da ma'aunin wata al'umma, sai a miƙa wa uwa ƙashin ɗan ƙanwarta. Shi ya sa masu binciken suka wanke tufafin da aka samu a ramin, suka shimfiɗa su. Mace ta tsaya a kan 'yar rigar sanyi, ta juya bakin hannun, ta gane saƙarta.

Mu ma gidan auren zumunci ne. Ƙungiyar Red Cross ta yi rajistar sama da mutum 23,000 da suka ɓata a Najeriya, akasari a arewa maso gabas, fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓata. An ga ramukan gawarwaki a Damasak a 2015. Gaggauta sutura addini ne, amma ɗaukar haƙori guda na mamacin da ba a gane ba domin gwajin DNA da rubuta wurin kabarin ba sa jinkirta sallar gawa. Rashin yin haka ne ke barin mace tsakanin sama da ƙasa, ba aure ba takaba, gado kuma ya ƙi rabuwa.

Peru ta makara. Dokar neman ɓatattu ta zo a 2016, rumbun ajiye bayanan DNA na dangi a 2018. Mama Anhelika Mendosa, wadda ta kafa ƙungiyar iyaye a 1983 bayan sojoji sun tafi da ɗanta, ta rasu a 2017 ba ta binne shi ba. Iyayen Bama da Gwoza ma tsufa suke yi. Jami'o'in Maiduguri da Kano su fara auna yadda alamomin nan suka bazu tsakanin Barebari, Hausawa, Fulani da Shuwa, a kuma karɓi ɗigon jinin duk uwar da ta yarda. Rumbun ya zauna a hannun hukumar farar hula, domin uwar da aka tafi da ɗanta a motar jami'an tsaro ba za ta kai jininta bariki ba.