Cin zarafi a bariki: kwamanda ba zai zama alƙalin gidansa ba

A wani dare na watan Yulin 2021, wata matashiyar soja a rundunar Birtaniya mai suna Jaysley Beck ta kwana a cikin motarta saboda tsoro. Suna wurin atisaye ne wani samanja, wanda ya ninka ta a shekaru, ya danne ta yana ƙoƙarin sumbatarta. Ta ƙwace, ta gudu. Daga baya ta yi abin da kowace takardar soja ke cewa a yi, wato ta kai ƙara. Abin da ya fito daga ƙarar shi ne wasiƙar ban haƙuri. Ba a kira 'yan sanda ba, an kashe maganar a cikin gida.

Bayan 'yan watanni sai wani na gaba da ita ya sa ta a gaba da saƙonnin waya, sama da 4,000 cikin wata biyu, dare da rana. Wannan karon ba ta kai ƙara ba. Ranar 15 ga Disambar 2021 aka tarar da gawarta a ɗakinta a barikin Larkhill, tana da shekara 19. A Fabrairun 2025 binciken musabbabin mutuwarta ya tabbatar da cewa ita ta kashe kanta, kuma yadda rundunar ta yi wa ƙararta ta farko riƙon sakainar kashi yana cikin abin da ya kai ta ga haka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙara ta biyun da ba ta kai ba. Yarinyar ba sakarya ba ce. Ta gwada sau ɗaya, ta ga abin da ya biyo baya, ta ɗauki darasi. Kuma darasin da ta ɗauka shi ne dubban sojoji a ƙasashe da yawa suke ɗauka: wanda za ka kai wa kuka yana da nasa abin da yake karewa. Don haka ra'ayina a taƙaice, muddin kwamanda ne zai yanke ko za a binciki ƙarar fyaɗe ko cin zarafi a rundunarsa, to an ba kura ajiyar nama, ko da kuwa kwamandan mutumin kirki ne.

Sai an fahimci yadda rayuwar bariki take kafin a gane dalili. Ma'aikaciyar ofis da shugabanta ya dame ta tana da lokacin tashi, tana da gidan da za ta koma, in abin ya yi tsanani ta ajiye aikin. Soja ba shi da ko ɗaya. In ya tafi ba izini, sunansa ɗan gudun aiki, kuma laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Na gaba da shi ne ke tsara masa gadi, shi ke sa hannu a takardar hutu, shi ke rubuta rahoton da za a duba wajen ƙarin girma, shi ke zaɓen wanda zai tafi kwas. Sau da yawa gini ɗaya suke kwana, wuri ɗaya suke cin abinci, kuma kowannensu da makami. Tun yana kurtu ake cusa masa cewa a bi umarni tukuna, ƙorafi daga baya. Ana kuma koya masa cewa abokan aikinsa 'yan'uwansa ne da zai mutu dominsu. Duka biyun darussa ne da yaƙi ke buƙata, ba na musu. Amma ka ɗauki mutumin da aka horar haka, ka ce ya tashi ya nuna sajensa da yatsa a gaban waɗannan 'yan'uwan, sai ka ga nauyin abin da ake nema a wurinsa.

Alƙaluman da suka fi fitowa fili na Amurka ne, saboda ma'aikatar tsaronta kan yi wa sojoji tambayoyi a asirce lokaci-lokaci. A binciken 2021 ta ƙiyasta cewa sojoji kusan 35,900 ne aka taɓa ko aka yi lalata da su ba da yardarsu ba cikin shekara ɗaya, wato kashi 8.4 cikin ɗari na mata da kashi 1.5 na maza. Kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ya kai ƙara. A 2023 adadin ya sauko zuwa kimanin 29,000. Kada mai karatu ya ɗauka wai sojojin Amurka sun fi na kowa lalacewa. Su dai sun ƙirga ne. Rundunar da ba ta taɓa tambayar sojojinta ba, ba ta da bakin cewa gidanta tsaf yake.

Akwai wata magana da ake saurin jefowa duk lokacin da aka taso da wannan batu: ai da ma me ya kai mace soja? Waɗancan alƙaluman sun amsa ta. Cikin mutum 35,900 ɗin nan, sama da 16,000 maza ne, domin maza sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin kaki. Da yawansu ma ba sa kiran abin da sunansa, sukan ce wasan banza ne ko horon sabon shiga, kuma sun fi mata yin shiru. To da za a kwashe mata kaf daga bariki gobe, wa za a ɗora wa laifin waɗannan? Abin da ke haifar da wannan ta'asa iko ne da sanin cewa babu abin da zai faru.

Mu koma kan kwamanda. A tsarin shari'ar soja na ƙasashe da dama, musamman waɗanda suka gaji na Ingila, kwamanda ya daɗe yana riƙe da ikon da babu wani shugaban ma'aikata farar hula da ke da irinsa. A Amurka, har zuwa kwanan nan, shi ke cewa a kai magana kotun soja ko a bar ta, shi ke zaɓo hafsoshin da za su zauna su yanke hukunci. Ka sa kanka a kujerarsa. An kawo maka ƙarar wani saje da kuka yi yaƙi tare, wanda ke riƙe maka da rabin aikin rundunar. Mai ƙarar kuwa wata ce da ta zo wata shida da suka wuce. In ka bar maganar ta fita, za a rubuta cewa a ƙarƙashinka abin ya faru, kai ma kana jiran naka ƙarin girman. Ba sai kana mugu ba kafin zuciyarka ta fara raya maka cewa wataƙila rashin fahimta ce, a sasanta, a bar kaza cikin gashinta.

Wani lokacin ma ba a ɓoye ake yi ba. A 2013, bayan kotun soja ta sami wani laftanar-kanar matuƙin jirgin yaƙi da laifin cin zarafin wata mata a sansanin sojan saman Amurka da ke Aviano a Italiya, Janar Craig Franklin ya soke hukuncin da sa hannunsa kawai. Bai zauna a kotun ba, kuma doka ba ta ma tilasta masa ya faɗi dalili ba. Wannan ne ya sa majalisar dokokin ƙasar ta rage wa kwamandoji wannan iko. A Kanada kuwa, bayan rahoton tsohuwar alƙaliyar kotun ƙoli Marie Deschamps a 2015, babban hafsan tsaro Janar Jonathan Vance ya ƙaddamar da gagarumin shirin kawar da lalata a rundunar. A 2021 shi kansa aka fara bincika kan zargin mu'amalar da ba ta dace ba da wata ta ƙasa da shi, a 2022 kuma ya amsa laifin yi wa shari'a zagon ƙasa. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Manyan hafsoshi suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba a ji. Cewa suke yi soja ba kamfani ba ne. Kwamandan da zai tura mutane bakin mutuwa dole a san shi ne wuƙa shi ne nama a rundunarsa, in aka ƙwace masa ikon hukunci, ɗa'a ta rushe. Suna kuma cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, lauyan da ke zaune a wani birni bai san halin mutanen ba.

Na yarda da rabin maganar. Wanda ya makara fareti, wanda ya yi barci a bakin gadi, wanda ya ƙi bin umarni, waɗannan hurumin kwamanda ne, kada kowa ya taɓa. Amma fyaɗe ba rashin ɗa'a ba ne irin na ƙin goge takalmi. Babban laifi ne da ke buƙatar mai binciken da ya san yadda ake tattara shaidar likita da saƙonnin waya, da mai gabatar da ƙarar da ya san abin da zai tsaya a kotu. Kwamandan igwa ko na jirgin ruwa ba a kan wannan aka horar da shi ba. Sanin da ya yi wa mutanen kuma shi ne ainihin matsalar. A kotun farar hula, alƙalin da ya san ɗaya daga cikin masu shari'a janyewa yake yi. Me ya sa a bariki sanayya ta zama cancanta? Batun ɗa'a kuwa, ban san abin da ke rushe ta kamar kurtu ya ga an yi wa abokiyar aikinsa haka, mai laifin kuma ya ci gaba da karɓar gaisuwa ba.

Ga wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba: wanda ake zargi ma ya fi samun adalci a hannun mai zaman kansa. Idan 'yan jarida da 'yan majalisa suka taso rundunar a gaba, kwamandan da jiya yake rufa-rufa zai iya komawa yau yana tura kowace ƙara kotu ko babu hujja, don a ce yana aiki. Wanda makomarsa ba ta rataye a kan sakamakon ba shi ne kaɗai zai iya cewa wannan akwai shaida, wannan babu.

Abin takaici, gyara ba ya zuwa sai an ga gawa. Tun 1991 Amurka ta sha kunyar taron Tailhook a Las Vegas, inda aka ci zarafin mata 83 da maza 7 a wurin taron matuƙan jiragen sojan ruwa. Sakataren rundunar ya sauka, aka yi alkawura. Aka sake yin wata a sansanin horo na Aberdeen a 1996, wata a Lackland wajen 2012, duk masu horar da kurata ne. Sanata Kirsten Gillibrand ta fara neman a cire shari'un daga hannun kwamandoji tun 2013, ana kayar da ƙudurin. Sai da aka kashe Vanessa Guillén, 'yar shekara 20, a barikin Fort Hood na jihar Texas a Afrilun 2020. Ta riga ta gaya wa mahaifiyarta cewa wani na gaba da ita yana damunta, amma tana tsoron kai ƙara. Kwamitin bincike ya gano cewa yanayin barikin ya ba irin wannan hali gurbi, aka sauke ko aka dakatar da shugabanni 14. A ƙarshen 2021 aka yi dokar, a Disambar 2023 lauyoyin soja masu zaman kansu daga kwamandoji suka karɓi ikon yanke shawarar gurfanarwa. Shekara 32 ke nan daga Tailhook.

Koriya ta Kudu ma haka. A Mayun 2021 wata sajan sojan sama, Lee Ye-ram, ta kashe kanta bayan ta kai ƙarar abokin aikinta, manyanta kuma suka matsa mata ta janye. Babban hafsan sojan sama ya yi murabus, cikin watanni majalisa ta mayar da shari'un lalata zuwa kotunan farar hula. A Kanada, tsohuwar alƙaliyar kotun ƙoli Louise Arbour ta ba da irin wannan shawara a 2022. Birtaniya kuwa, duk da cewa kwamitin majalisa ƙarƙashin Sarah Atherton ya saurari mata sama da 4,000 a 2021 ya kuma nemi a fitar da shari'ar fyaɗe daga kotun soja, gwamnati ta ƙi. A watan da rahoton ya fito ne Jaysley Beck ta kwana a motarta.

Ba na cewa da an sauya mai yanke hukunci shi ke nan an gama. Tsugune ba ta ƙare ba, domin lauya mai zaman kansa ba ya kwana a bariki. Binciken da cibiyar nazari ta RAND ta yi a rundunar Amurka a 2014 ya nuna cewa kashi 62 cikin ɗari na sojoji matan da suka kai ƙara sun ce an rama a kansu, ko ta wajen aiki ko ta hanyar ƙaurace musu. Wannan ramuwa ba ta barin shaida. A daina zama kusa da ke wurin cin abinci. Sunanki ya riƙa fitowa a gadin dare fiye da na kowa. Rahotonki na shekara, wanda da yake cike da yabo, ya koma "tana buƙatar gyara hali". In an tashi raba ku, ke za a ɗauke a kai wata runduna, shi ya zauna inda yake. A nan ne aikin kwamanda na gaskiya yake, kuma a nan ya kamata a riƙa auna shi kafin a ƙara masa anini: me ya sami waɗanda suka kai ƙara a ƙarƙashinsa bayan shekara ɗaya? Suna nan a bakin aiki, ko sun tuɓe kaki?

Haka nan ƙananan abubuwan da ake kira raha. Zancen batsa a layin fareti, hoton da ake yawo da shi a waya, laƙabin da aka liƙa wa sabuwar zuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bincike ya sha nuna cewa rundunar da irin wannan ya yi yawa, a nan fyaɗe ya fi aukuwa. Kofur da saje su ne ke ganin wannan kullum, janar ba ya gani. Mai niyyar ɓarna yana lura da wanda ya yi dariya da wanda ya kawar da kai, daga nan yake sanin iyakar da zai iya kaiwa.

Samanjan da ya danne Jaysley Beck ya amsa laifinsa a gaban kotun soja a 2025, bayan da danginta suka ƙi barin maganar ta mutu, aka kuma miƙa ta ga masu bincike. Laifin da ya amsa shi ne wanda ta faɗa tun a Yulin 2021, lokacin da tana raye, aka ba ta wasiƙa.