Ba tuffa a Farawa 3, haƙarƙarin maza kuma bai rasa ɗaya ba

'Yan'uwa masu koyarwa a makarantar Lahadi, da shugabannin matasa, da iyayenmu fastoci a nan Jos, ga wata magana da ta daɗe tana neman a faɗe ta. Yawancin abin da yaranmu suka haddace game da halitta ba daga Littafin Farawa ya fito ba. Wani daga hotunan littattafan yara aka kwaso shi, wani daga hirar unguwa, wani kuma gado ne, an ji shi a bakin malami, shi ma a bakin malami ya ji. Mun iya kwana muna gardama a kan shekarun duniya, amma surori uku na farko ba mu zauna mun karanta su aya bayan aya ba.

Gwajin ba wuya. Ranar Lahadi mai zuwa ka tambayi ajinka wane 'ya'yan itace Hawwa'u ta ci. Hannuwa za su tashi, a ce tuffa. Sai ka miƙa wa yaro ɗaya Littafi Mai Tsarki, ya buɗe Farawa 3, ya nemo tuffar. Zai bi da yatsa har ƙarshen sura bai same ta ba, domin nassin bai faɗi irin itacen ba, ya kira shi itacen sanin nagarta da mugunta ne kawai. Tuffar daga Turai ta biyo hanya, masu zane suka yaɗa ta, a Latin kuma kalmar tuffa da kalmar mugunta rubutunsu ɗaya ne. Haka batun haƙarƙari. Har yau ana gaya wa yara cewa na namiji ya rasa ɗaya. Duk ɗalibar koyon jinya a Jos za ta gaya maka haƙarƙari ashirin da huɗu ne, goma sha biyu a kowane gefe, namiji da mace duk ɗaya. Farawa 2:21, inda Allah ya cire wa Adamu haƙarƙari ɗaya, labarin abin da ya yi da mutum ɗaya ne, wanda aka yi wa tiyata kuwa ba ya haifar ɗa da tabo. Illar irin wannan ƙari ita ce, ranar da yaron ya gano an gaya masa ba daidai ba, ba zai ce malama ta yi kuskure ba, cewa zai yi Littafin ne ya yi ƙarya.

Sai abin da ya shigo daga maƙwabta. Mu da 'yan'uwanmu Musulmi sunaye ɗaya muke kira, Adamu da Hawwa'u, dukanmu kuma muna cewa ɗan Adam, saboda haka yara kan gauraya labaran biyu ba su sani ba. Labarin da aka umarci mala'iku su yi sujada ga Adamu, Iblis ya ƙi, na Alƙur'ani ne, babu shi a Farawa. A can Allah ne ya koya wa Adamu sunaye, a Farawa 2:19 da 20 kuwa Allah ya kawo dabbobin ya ga abin da mutumin zai kira su. Faɗin wannan bambanci ba raini ba ne ga kowa. Yaron da ya san abin da littafinsa ya ce shi ne zai iya hira da abokinsa Musulmi ba tare da cacar baki ba.

To, me ke cikin nassin? Abu na farko, labarin farko bai ƙare a ƙarshen sura 1 ba, ya zarce har 2:3. Raba Littafin zuwa surori aikin wani bishop ne na Ingila, Stephen Langton, a ƙarni na 13, kuma a nan ya yanke a wurin da bai dace ba, ya bar rana ta bakwai a wata sura dabam. Malamin da ya tsaya a 1:31 ya jefar da ranar hutu ke nan, alhali can labarin ya dosa.

Hanya mafi sauƙi ta koyar da kwanakin ita ce a zana akwatuna shida a allo, uku a hagu, uku a dama. Aya ta 2 ta ce duniya ba ta da siffa, kuma wofi take. Kwana ukun farko sun magance rashin siffa: rana ta ɗaya an raba haske da duhu, ta biyu an raba ruwan sama da na ƙasa, ta uku sandararriyar ƙasa ta bayyana da tsire-tsire. Kwana uku na biyu sun cika wofin, kowace tana fuskantar 'yar'uwarta: ta huɗu rana da wata da taurari, ta biyar kifaye da tsuntsaye, ta shida dabbobi da mutum. A ja layi daga ɗaya zuwa huɗu, biyu zuwa biyar, uku zuwa shida. Minti goma ya isa, kuma yaro ɗan shekara tara ba zai ƙara rikita jerin ba. Daga nan a sa su ƙirga sau nawa aka ce Allah ya ga yana da kyau. Sau bakwai ne, na ƙarshe a 1:31 da ƙarin ƙwarai. Za su lura rana ta biyu ba ta samu ba, ta uku ta samu sau biyu. A bar su su gano da kansu, ya fi zama a kai.

Akwai wani abu a aya ta 16 da yawanci ake tsallakewa. Ba a kira rana da wata da sunansu ba, an ce babban haske da ƙaramin haske, taurari kuma aka ambace su a taƙaice kamar abin da aka tuna daga baya. Al'umman da ke kewaye da Isra'ila, Masar da Babila da Kan'ana, bauta wa waɗannan suke yi. Marubucin ya sauke su daga matsayin alloli ya mayar da su fitilu da Mahalicci ya rataya. Wannan darasi ne da ya shafe mu kai tsaye, mu da har yanzu wasu ke duba tauraro, wasu ke tsoron wani dutse ko kurmi a ƙauye. Duk abin da ido ya gani halitta ne, ba a yi masa sujada, ba a kuma yi masa tsoron da ya dace da Allah kaɗai.

Yanzu ga inda ake ɗaga murya: kwanakin nan na awa ashirin da huɗu ne? Duniya shekara dubu shida take? Ni dai ra'ayina, wannan ba wurin da za a kori mutum daga zumunci ba ne, dalilina kuma daga tarihin ikilisiya yake. Basil na Kaisariya a ƙarni na 4 ya ɗauke su kwanaki irin namu. Augustine, ɗan Afirka ta Arewa wanda ya rasu a 430, wanda babbar makarantar horar da firistocin Katolika ta nan Jos take ɗauke da sunansa, ya koyar cewa Allah ya halicci kome lokaci ɗaya, kwanakin kuma tsari ne na bayani. Shekara fiye da dubu da ɗari huɗu ke nan kafin masanin kimiyya Darwin ya fitar da littafinsa a kan asalin ire-iren halittu a 1859, don haka ba tsoron kimiyya ya sa shi ba. Masu riƙe da awa ashirin da huɗu suna da hujja mai ƙarfi: maimaita maraice da safiya, da Fitowa 20:11. Ɗaya ɓangaren ma suna da tasu: kalmar Ibrananci yom ta zo da ma'ana fiye da ɗaya a wuri guda, a 1:5 hasken yini ne kuma cikakkiyar rana ce, a 2:4 dukan lokacin halittar ne, rana mai ba da haske ba ta bayyana ba sai kwana na huɗu, rana ta bakwai kuma ba a rufe ta da maraice da safiya ba.

Lissafin shekara dubu shida kuwa ba aya ba ce. James Ussher, babban bishop a Ailan, shi ya tattara shekarun zuriyoyi a 1650 ya fitar da 4004 kafin haihuwar Almasihu, daga baya masu buga littattafai suka sa lambar a gefen shafi har mutane suka ɗauka nassi ce. Lissafin yana da rauni biyu. Na ɗaya, jerin zuriya a Littafi Mai Tsarki yakan tsallake sunaye: Matiyu 1:8 ya tashi daga Yoram ya dira a kan Azariya, wato Uzziya, ya bar sarakuna uku, Ahaziya da Yowash da Amaziya. Na biyu, tsofaffin kwafi ba su yi daidai a lambobi ba. Na Ibrananci ya ce Adamu yana da shekara 130 aka haifi Shitu, tsohuwar fassarar Helenanci ta ce 230. Daga Adamu zuwa ruwan tsufana, na farko ya ba da shekara 1,656, na biyu fiye da 2,200.

Ku duba yarinyar da ke aji biyu na babbar sakandare. Ranar Laraba malamin kimiyya ya rubuta mata a allo cewa duniya ta kai shekara biliyan 4.5, sararin samaniya biliyan 13.8. Ranar Lahadi ta ɗaga hannu a taron matasa, littafin makarantar na cikin jakarta, aka ce mata wannan koyarwar Shaiɗan ce, ta zauna. Ta zauna ɗin, amma ba ta ƙara tambaya ba, kuma ba don ta gamsu ba. Abin da ya kamata ta ji shi ne: ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo bayanin cewa sararin samaniya yana da mafari, yana kuma faɗaɗa, firist ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, a 1927 da 1931. Ta kuma ji cewa masu kimiyya ba su ce birin da ke gidan namun daji na Jos ne kakanmu ba, cewa suka yi mu da shi kaka ɗaya muka haɗa a can baya. Kana da damar ƙin yarda da wannan, Kiristoci masu ilimi da yawa sun ƙi, amma ka ƙi abin da suka faɗa, kada ka ƙirƙira musu magana. Augustine kansa ya yi gargaɗi cewa abin kunya ne marar bi ya ji Kirista yana shirme a kan abin da shi ya sani sarai, yana kuma jingina shirmen ga Littafi.

Abin da ba a sasantawa a kai kaɗan ne, kuma shi ne ikilisiya ke furtawa cikin Shaidar Bangaskiya. Allah ne ya yi kome, ba daga wani abu da ya tarar ba (Ibraniyawa 11:3). Ta wurin Ɗan aka yi su (Kolosiyawa 1:16). Mutum ba hatsari ba ne, an yi shi cikin siffar Allah. Zunubi ya shigo ta wurin rashin biyayyar mutum, a kan wannan ne Bulus ya gina Romawa 5 da 1 Korantiyawa 15, inda ya kira Almasihu Adamu na ƙarshe. Duk bayanin kimiyya da ya ce babu Mahalicci ya fita daga gonar kimiyya ya shiga ta aƙida, a nan kuwa muna da amsa.

Siffar Allah ɗin nan ita ce aka fi yi wa rowar lokaci, alhali ita ce tsakiyar maganar. A Masar da Mesofotamiya sarki ake kira siffar allah. Farawa 1:27 ta ɗauke wannan rawani ta ɗora wa kowa, namiji da mace. Mutumin da aka ɗaukaka haka daga turɓaya aka yi shi, sunansa ma a Ibrananci, adam, ɗan'uwan adama ne, wato ƙasa. Mace kuma da aka ce mataimakiya, wasu mazan sun mayar da kalmar 'yar aiki. Kalmar ita ce ezer, a Tsohon Alkawari kuma mafi yawan lokaci Allah ake kira da ita, kamar a Zabura 121. Wanda ya fi ƙarfinka ma yana taimakonka. A kuma daina ɗora wa Hawwa'u laifin ita kaɗai a taron zumuntar mata: umarnin an ba namijin ne a 2:16 da 17 tun ba a yi ta ba, 3:6 kuma ta ce yana tare da ita sa'ad da ta ci. La'ana ma, a duba da kyau, maciji aka la'anta da ƙasa, ba a ce an la'anta mutumin ko matar ba. Aiki kuwa ba horo ba ne, an sa shi a gonar ya noma ta ya kiyaye ta tun a 2:15. Kalmar kiyayewar nan ya kamata ta dame mu duk lokacin da muka wuce ramukan kuza da aka bari cike da ruwa daga Rayfield zuwa Bukuru.

Tambayar inda Kayinu ɗan Adamu ya samo matar aure ba ta da wahalar da ake ba ta. Farawa 5:4 ta ce Adamu ya haifi waɗansu 'ya'ya mata da maza, amsar da ikilisiya ta daɗe tana bayarwa ke nan. Wadda ta fi hatsari ita ce ta cewa baƙar fata la'anar Ham ɗan Nuhu ce, koyarwar da aka yi amfani da ita wajen halatta cinikin bayi, kuma abin mamaki har yanzu ana jin ta a bakin baƙaƙen fata. Farawa 9:25 Kan'ana ɗan Ham ta ambata, launin fata kuma ko sau ɗaya bai fito a wurin ba.

Garin nan ya ga abin da ya gani a rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, har unguwanni suka rabu, kowa ya san iyakar da ba ya ƙetarewa bayan magariba. Farawa 9:6 ta haramta zub da jinin mutum, dalilin da ta bayar kuma siffar Allah ce, bayan faɗuwa aka faɗi wannan, ba a kuma ware mai bi da marar bi ba. Yakubu 3:9 ya kai maganar har kan harshe, aya ta gaba kuma ta ce bai kamata a yabi Allah da bakin da ake zagin mutanen da aka yi cikin kamanninsa. Ayyukan Manzanni 17:26 ta ce daga mutum ɗaya ya yi dukan al'ummai. Birom da Bafulatani, Bahaushe da Ba'anaguta, na Angwan Rogo da na Tudun Wada, duk ayar ta haɗa su. Idan kana da Lahadi huɗu, ka ba 1:1 zuwa 2:3 ta farko, sauran sura 2 ta biyu, sura 3 ta uku. Ta huɗun ka rubuta waɗannan ayoyi uku a allo, ka sa yaran su ambaci kabilu da unguwannin da suka ji ana zagi a gida, a rubuta su a ƙarƙashi.