Keken ɗinki ba ya tsayar da jini

An sake yin bikin kamar yadda aka saba. Ranar 15 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa matan karkara kuma aka fara raya ta a 2008, ta zo ta wuce da hotunan da duk mai bibiyar labarai ya haddace: rumfa, manyan baƙi a kujerun gaba, kekunan ɗinki a jere cikin leda, sai mata a layi suna jiran a kira sunansu a ɗauke su hoto. A ƙarshen kowane jawabi kuma kalma guda ce ke fitowa, wato dogaro da kai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda wannan kalma mai daraja ta zama mafakar duk wanda yake son sauke nauyin da ke wuyansa ya ɗora wa matar da ta fi kowa rauni, musamman tun da tallafin ƙasashen waje ya fara janyewa bayan Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, USAID, a 2025.

Ra'ayin da ke bayan rabon kekuna yana da sauƙin faɗa: talauci ne matsalar macen ƙauye, maganin talauci sana'a, saboda haka a ba ta abin sana'a, ita kuma za ta biya kuɗin asibiti da na makarantar 'ya'yanta da kanta. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa ya lissafa yadda yinin wannan mata yake tafiya ba. A 2016 asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa mata da 'yan mata a duniya suna ɓatar da sa'o'i miliyan 200 a kowace rana wajen ɗebo ruwa kawai. Ba a sa neman itace a ciki ba, ba a sa aikin gona ba, ba a sa renon yara da jinyar tsofaffi ba. Matar da ta fita da asuba zuwa rijiya, ta dawo ta durƙusa gaban murhu tana shaƙar hayaƙin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana cikin abin da ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, a wane lokaci ake tsammanin za ta zauna kan keke? Kuma idan ta samu lokacin, wa za ta ɗinka wa, alhali an raba wa mata talatin irin wannan keke a ƙauyen da tela ɗaya ya ishe shi? Shi ya sa wasu kekunan ke komawa kasuwa tun ledarsu ba ta yage ba, sai masu rabon su ce matan ne ba su da kishin kansu.

Batun lafiya ya fi wannan muni, domin a nan ba dukiya ake asara ba, rai ne. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa mata kusan 260,000 ne suka mutu a 2023 a dalilin ciki da haihuwa, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan adadi a Afirka kudu da Sahara ne. Babban abin da ke kashe su zubar jini ne bayan haihuwa, sai hawan jinin masu ciki da ke kai wa ga jijjiga, sai ƙwayoyin cuta. Tun 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke kai mai naƙuda kabari: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa can saboda nisa da rashin hanya ko abin hawa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa, saboda babu ungozoma ko babu jini ko babu wuta. A duba ukun nan da kyau, a nuna mini wanda keken ɗinki zai gajarta. Mace mai zubar jini na iya cikawa cikin sa'o'i biyu, kuma allurar da ke tsayar da jinin ba ta da tsada, sai dai tana buƙatar firiji da hannun da ya iya. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda kuwa, sau da yawa da yoyon fitsari take tsira, a guje ta, a raba ta da mijinta, ta koma gidan iyayenta. Irin wannan ba ta cikin hoton rumfa.

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinta. Ƙasashen da suka cika wannan alkawari ko da sau ɗaya ba su da yawa. Gwamnatin da ta kasa ajiye ungozoma a ƙauye ba ta da bakin yi wa mace wa'azin dogaro da kai.

Za a ce ai akwai ƙananan rance, ga Muhammad Yunus da bankinsa na Grameen a Bangaladash har sun samu kyautar Nobel a 2006. Amsar a taƙaice take: bincike shida da aka wallafa tare a 2015 sun gano cewa rancen na ɗan taimaka wa wasu, amma ba ya fitar da matsakaicin mai karɓa daga talauci, kuma abin da ya faru a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2010, inda bashi ya shaƙe matalauta har gwamnati ta sa baki, ya isa darasi. Masu cewa al'ada ce ta hana mata ci gaba su ma ba su faɗi komai ba, domin al'ada ba ita ta cire rufin ɗakin shan magani ba.

Abin takaicin shi ne an san abin da ke aiki. Habasha ta fara shirinta na ma'aikatan lafiya na karkara a 2003, inda ake zaɓar 'yan mata daga yankinsu, a horar da su shekara guda, a ajiye biyu a kowane ƙaramin ɗakin lafiya, a kuma riƙa biyansu albashi. Da wannan dabara ɗaya an kai rigakafi da awon ciki ƙofar gida, an kuma samar wa dubban matan ƙauye aiki na gaske, wanda ya fi kowane keke. Bangaladash ta fara biyan 'yan matan karkara ɗan alawus a 1994 bisa sharaɗin su ci gaba da sakandare kuma kada a aurar da su kafin lokaci, kuma cikin 'yan shekaru yawan 'yan mata a azuzuwan ya kamo na maza. Hatta batun ba da kayan sana'a, ƙungiyar agaji ta BRAC da ke Bangaladash ta nuna yadda ake yin sa tun 2002: a ba mace dabba ko jari, a koya mata, a ba ta abin da za ta ci na wasu watanni don kada yunwa ta sa ta sayar da jarin, a buɗe mata hanyar adashi, a riƙa ziyartarta gida kusan shekara biyu. An gwada wannan tsari a ƙasashe shida, ciki har da Gana da Habasha da Fakistan, kuma a mafi yawansu ribar ta ɗore bayan an janye tallafin. Bambancinsa da bikin rumfa shi ne yana cin lokaci da kuɗi da haƙuri, kuma ba ya ba da hoto mai kyau a rana ɗaya.

Akwai kuma abin da jawaban ke tsallakewa da gangan. Yawancin waɗannan mata manoma ne tun kafin a zo musu da keke. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2011 mata ne kashi 43 cikin ɗari na masu aikin gona a ƙasashe masu tasowa, kuma da za su samu taki da iri da bashi daidai da maza, amfanin gonarsu zai ƙaru da kashi 20 zuwa 30. Amma masu mallakar gona a cikinsu ba su kai kashi 15 na masu gonaki ba. Mace tana da sana'a a hannunta, abin da ba ta da shi takardar fili ce da sunanta a kai, kuma wannan batu ne da yake taɓa masu iko, shi ya sa ya fi sauƙi a miƙa mata zare da allura.

Kuɗin da ake kashewa a rumfa da kujeru da alawus ɗin manyan baƙi a mayar da su albashin ungozoma, da famfon ruwa a tsakiyar gari, da ajin yaƙi da jahilci da zai sa mace ta karanta katin awonta da kanta. Duk hukumar da ta raba kekuna bana kuwa, a buƙace ta ta dawo baɗi da sunayen matan, ta faɗa wa jama'a nawa ne har yanzu ke ɗinki.