Mu zana wa yaranmu tarihin bauta da hannunmu

Iyayen yara mazauna Makka da Jidda, akwai maganar da muke kauce wa a gidajenmu, ita ce maganar bauta. Yaro zai dawo daga wasa fuska a murtuke, ya ce wani ya kira shi bawa, sai uwa ta ce, "Rabu da shi, zo ka ci abinci." Zagin ya riga ya shiga, bayani kuwa babu. A ganina ɗan shekara bakwai ko takwas ya isa a zaunar da shi, kuma ban ga abin da ya kai littafi mai hotuna sauƙaƙa wannan zama ba.

Amma wane littafi? Yawancin waɗanda ke zuwa hannu labarin Amurka ne: jirgin ruwa, gonar auduga, Bature da bulala. An yi hakan, sai a 1865 dokarsu ta soke bauta. Sai dai yaron da iyakar abin da ya gani ke nan, idonsa zai riƙe cewa baƙi shi ne bawa, fari shi ne ubangida. Ka ga mun ƙara wa mai zagin nan hujja ba mu sani ba.

A ƙasar Hausa ma an yi bauta, baƙi ya mallaki baƙi. Akwai rinji, ƙauyen da bayi ke yi wa ubangida noma. Akwai murgu, kuɗin da bawa ke biya don a bar shi ya yi sana'ar kansa. Akwai cucanawa, waɗanda aka haifa cikin bauta. Sai a 1936 aka haramta ta baki ɗaya a Arewacin Najeriya. A nan Saudiyya kuwa 1962 ne, Faisal bai ma hau sarauta ba tukuna, wato akwai tsofaffi da ransu da suka riski zamanin. Har yaran da aka taho da su a hanyar hajji an taɓa sayarwa a Hijaz. Wallahi da ciwo, amma gara su ji daga bakinmu.

Shi ya sa ya kamata mu yi namu littafin. Abin da nake so in gani a shafin farko shi ne yarinya mai suna, da kitsonta, tana taya uwarta daka a tsakar gida. Yaro ya fara sonta kafin mahara su zo. In aka fara da sarƙa, bawa zai gani, ba zai ga mutum ba.

Sannan ga Bilal, Allah Ya ƙara masa yarda. Ba sai an zana fuskar sahabi ba. A zana rairayi mai zafi, da dutse, da rana tsaka. Umayya bin Khalaf ya azabtar da shi, Sayyidina Abubakar ya saye shi ya 'yanta, kuma shi ne ya hau kan Ka'aba ya yi kiran salla ranar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira. Yaranmu na nan suna ganin Ka'abar da idonsu.

Na san wasu za su ce tone-tone ne, za a fara nuna gidan wane da yatsa. Wannan tsoro yana kan hanya, shi ya sa bai kamata littafin ya ambaci zuri'ar kowa ba. Malaman Islamiyya su duba labarin, matasanmu masu zane su zana, a buga shi da Hausa da Larabci a shafi ɗaya, tunda da yawa cikin yaranmu sun fi iya karanta Larabcin.